Mama Felicia, Mai Nemo wa Fuska Haske

Kowace safiya, kafin masu tallan koko su fara kira, Mama Felicia takan fito da kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, daidai inda hasken gabas yake fara sauka a gidan hayarmu na Sabon Gari. Takan share wurin ko da ta share shi jiya da yamma. Sai ta ɗauko wata kujerar ta ajiye a gabanta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ta jera kayan aikinta: 'yan gwangwanaye ƙanana, tandun kwalli, da madubin da bai wuce tafin hannu ba. Daga nan ta zauna ta jira.

Kusan shekara talatin ke nan tana haka. Abin da ya sauya shi ne kujera ta biyun. A da wata na tashi wata na zama. Yanzu sai rana ta haye katanga babu wadda ta zo, ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya da lalube, ta koma ciki. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. A watan jiya ta shaida wa Obinna mai hoto, wanda ta yi shekaru tana gyara masa fuskokin masu zuwa shagonsa, cewa ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi. Ni maƙwabciyarta ce, malamar makarantar 'yan mata, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa masu karatu wace ce ita. Zan kuma ba da labarin wani hoto guda da 'yarta tilo ta daɗe tana roƙo daga Gabashin ƙasar nan, ita kuwa ta ƙi ɗauka, har zumuncinsu ya kusa tsinkewa a kansa.

Ta zo Kano tana amarya, tare da mijinta Sylvester, mai gyaran tarago a reluwe. Ya rasu tun ana yaƙin duniya, kabarinsa na nan Sabon Gari. Da hannunta ta raini 'yarsu Chioma, kuma aikin hannun nan shi ne kwalliya.

Kada mai karatu ya ɗauka kwalliyar da ya saba gani ce. Tun da hodar gwangwani ta cika kantuna, mata suka ɗauka kyau shi ne a shafa har fuska ta yi fari fat. Sai ka ga mace ta shigo shagon hoto kamar an tsoma ta a toka, in hoton ya fito ba abin da ake gani sai ido biyu da baki. Mama takan tarbe ta da fara'a, ta ce, “Sannu da zuwa, 'yata. Buhun fulawar wa kika faɗa?” Kafin su gama dariya ta miƙo ruwan ɗumi a ƙwarya.

Sai an wanke fuska tas, ta bushe da kanta, sannan aiki yake farawa. Takan zaunar da mace tana fuskantar ƙofa, ta riƙe haɓarta, ta juya ta dama, ta juya ta hagu a hankali, kamar mai duba ƙwai a rana. Ba ta taɓa gwangwani sai ta ga inda haske yake sauka da kansa, domin a cewarta kowace fuska da wurin da haske yake so a jikinta, kuma ba a yi masa dole. Abin shafawar nata tataccen man kaɗe ne, da ɗan farar ƙasa ta garinsu da ta niƙa lilis, da jan garin wani itace da ake kawo mata daga kudu. Takan haɗa su a bayan hannunta, ta ƙara wannan ta rage wancan, har launin ya zama ɗan'uwan fatar mai fuskar, ya ɗara ta haske kaɗan. Sai ta lakato kamar ƙwayar gero da yatsan da yake kusa da ɗan ƙarami, don shi ne marar ƙarfi, ta ɗiga a saman ƙashin kumatu, da karan hanci, da ƙarƙashin gira. Ba ta murzawa. Dannawa take yi a hankali, tana bin gefe-gefe, har a rasa inda man ya tsaya da inda fata ta fara. In mace ta tashi, ba za ka ce an yi mata komai ba. Za ka ce dai ta yi barci mai daɗi, ko an yi mata albishir.

Na sha jin tana cewa in aka ga abin da ta sa, to ta ɓata aiki.

Obinna ya shaide ta. Ya ce na'urarsa ba ta san darajar baƙar fata ba, takan haɗe fuskar mutum ta mayar da ita kamar faifai, amma in Mama ta taɓa ta, hanci ya fito hanci, kumatu su fito kumatu. Mutane kan zo su yabi hannunsa, shi kuwa yakan karɓi yabon, don a cewarsa ba a mayar da kyauta. A bayan kowane hoto sunansa ne a buge. Hotunan suna rataye a ɗakuna daga nan har Ikko, babu ɗaya mai ɗauke da nata sunan.

Ba a shagon hoto kaɗai ta tsaya ba. Matan Fagge sun san ta, Inna suke ce mata. Ta shiga gidajen da namiji baƙo bai taɓa wuce zaurensu ba, ta gyara amare, ta gyara masu jegon da suka yi arba'in za su koma ɗakin miji. A bakin tsofaffin gidajen nan ta koyi Hausa, shi ya sa in ta yi maka karin magana sai ka waiga ka ga ko kakarka ce.

Ke ce, Mama, mai hannun da ba ya barin sawu. Ke ce kika duba fuskokin da masu su suka gaji da dubawa, kika samo abin da ya rage a cikinsu.

Yanzu in zo kan maganar hoton. Tushenta na cikin shekarar 1953, lokacin tashin hankalin da ya auku tsakanin Fagge da Sabon Gari. Ba zan tayar da abin da Allah ya kwantar ba. Abin da ya shafi labarinmu shi ne, bayan ƙura ta lafa, mijin Chioma ya ce shi kam ya gama zaman Kano, zai kwashe iyalinsa su koma Gabas. Chioma ta roƙi uwarta ta bi su. Mama ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba, ba ta kuma san kowa a can ba sai matattu. Suka yi musu mai zafi, irin na uwa da 'ya, kowa ta faɗi abin da ba ta nufa ba.

To, a daidai kwanakin akwai wata mata a Fagge mai suna Kuluwa, 'yar Goni. Mijinta Tanko mai fataucin goro ne, ya yi shekaru a Gwanja. Yana can agana ta kama ta. Ta tashi da ƙyar, amma ciwon ya bar mata zanzana a fuska duka. Tun daga nan ba ta ƙara leƙa ko zaure ba, biki ko suna sai dai a ba ta labari. Da aka aiko cewa Tanko na hanya, mahaifiyarta Inna Tabawa ta roƙi Mama ta zo ranar da zai sauka, Mama kuwa ta yi alkawari. An yi wannan magana tun kafin rigima. Sai Allah ya sa ranar ta zo daidai da ranar tafiyar su Chioma.

A lokacin ba mai ƙetarawa daga wannan unguwa zuwa waccan sai da dalili mai ƙarfi. Mama ta ɗora ƙullin kayanta a ka da sassafe ta tafi. A lissafinta aikin ba zai ɗauke ta wani lokaci ba, tashar jirgi kuma ga ta nan kusa da Fagge, za ta gama ta tarar da su.

Inna Tabawa ce ta ba ni sauran labarin. Ta ce kafin Mama ta iso, maƙwabta masu son taimako sun riga sun yi nasu. Sun lafta wa Kuluwa hoda don su rufe zanzanar, hodar kuwa ta bi kowane rami ta zauna, fuskar ta koma ɗigo-ɗigon fari, abin da ake son ɓoyewa ya fito fiye da da. Kuluwa ta duba madubi sau ɗaya, ta shige ƙuryar ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ta ce in Tanko ya zo a ce masa ya sawwaƙe mata daga zaure, ba sai ya gan ta ba.

Mama ba ta ja ta ba, ba ta yi mata faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana hira da Inna Tabawa kan tsadar manja da ciwon gwiwa, kamar ba abin da ya kawo ta. Hantsi ya yi, ya wuce. Can sai ta juya ta yi magana cikin ɗakin.

“'Yata, ni ban zo in ɓoye ki ba. Wanda aka ɓoye kullum yana jiran ranar da za a gano shi. Fito in ga abin da ciwon ya bari.”

Da ƙyar Kuluwa ta rarrafo bakin ƙofa. Mama ta wanke hodar, ta bi ramukan da auduga ɗaya-ɗaya, ta jira fuskar ta bushe. Ta riƙe haɓarta ta juya dama, ta juya hagu, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wannan ciwo bai iya aiki ba, ya bar ido, ya bar ƙashin kumatu, ya kuma bar hancin gidan Goni da ko daga kasuwar Kurmi ana hango shi. Kuluwa ta yi dariya da hawaye tare.

Inna Tabawa ta ce yatsan Mama na kan kumatun yarinyar aka ji kukan jirgi daga tasha. Hannun ya tsaya cik. Ta ɗaga kai ta saurara har kukan ya yi nisa, sannan ta mayar da ido kan fuskar ta ci gaba da dannawa a hankali. Ba wanda ya san abin da ke cikin jirgin nan. Da ta gama ma ba ta tashi ba, sai da ta riƙa wa Kuluwa madubi ta nuna mata wuraren ɗaya bayan ɗaya, ta sa ta gwada da yatsanta, ta bar mata ɗan gwangwani guda.

Tanko ya sauka bayan azahar. Zanzanar na nan, ba a rufe ko ɗaya ba, amma matar da ta ɗago kai ta gaishe shi idonta da haske, fuskarta da rai. Ya daɗe yana dubanta, ya ce ashe haka ta sha wuya bai sani ba, ya gode wa Allah da ya bar masa ita. Daga nan ya tambaya ko akwai tuwo, don abincin Gwanja ya kusa kashe shi. 'Ya'yansu uku yanzu.

Mama kuwa ta isa tasha ta tarar da masu shara. Ta dawo ɗakin da ba kowa, ta ninke tabarmar da Chioma ta bari. Ita Chioma, da ta yi ta leƙe ta tagar jirgi ba ta ga uwarta ba, ta tafi da yaƙinin cewa fushi ne ya hana ta zuwa. Mama ba ta taɓa yi mata bayani ba. Ta ce in ta faɗa, kamar ta ɗora wa 'yar mutane laifi ne.

Shekara biyar ke nan. Ni shaida ce kan yadda suka wuce. Ranar Lahadi in an taso daga coci, kowane ɗaki a gidanmu ya cika da hayaniya, nata shiru. Takan dafa abinci ya yi mata yawa, ta bi ƙofofi tana rabawa. Saƙo tsakaninta da 'yarta sai ta bakin Augustine, wani ma'aikacin jirgi da yake zuwa Kano lokaci-lokaci, kuma saƙon ba ya wuce gaisuwa. Ta bakinsa aka ji Chioma ta haifi mace an sa mata sunan kakarta. Ta bakinsa kuma, da yarinyar ta fara wayo tana tambayar kamannin mai sunanta, Chioma ta roƙi a aiko da hoto.

Mama ta ce sai bayan damina. Da damina ta wuce ta ce zaninta ya koɗe. Haka ta yi ta kawo dalili, Augustine na komawa hannu sake. Ni kaina abin ya ɗaure min kai, mace ta yi rabin rayuwarta a shagon hoto amma ba ta da nata ko ɗaya. Wata rana da la'asar muna tsintar shinkafa, ta gaya min gaskiya. Ta ce ta daɗe ba ta ga fuskarta ba. In ta ɗaga madubi, hazo take gani.

“Ni da na gyara fuskar rabin garin nan, Malama, in aika wa jikata fuskar da ban san halin da take ciki ba?”

Na ce ta bari in gwada, tana gaya min ina yi. Ta kama hannuna ta shafa, ta ce hannun alli ne, ya saba da allo, zan rubuta mata wasali a goshi. Na ce to ta aika wa Chioma labarin idon. Ta ce a'a, ba ta son a zo mata don tausayi.

Zuwan Augustine na watan jiya, ya tsuguna a gabanta yana sosa ƙeya. Ya ce Chioma ta ce in har yanzu Mama na fushi, a bar maganar hoton, ba za ta sake tambaya ba. Mama ta ce ta ji. Ranar ba ta kunna wuta ba. Shi kuwa zai koma a ƙarshen mako.

Ina koyar da matan aure karatu a wani gida a Fagge, Inna Tabawa na cikinsu. Bayan an tashi ta tambaye ni lafiyar Innar Sabon Gari, na gaya mata abin da ake ciki, har da yadda aka yi jirgi ya tashi ba ta yi sallama da 'yarta ba. Ta tambayi wace shekara, wane wata. Da na faɗa sai ta ajiye allonta. Can ta ce ashe shi ne kukan jirgin nan.

Washegari da safe Mama na zaune a wurinta, kujera ta biyu na gabanta ba kowa, sai aka yi sallama. Mace ce lulluɓe da mayafi, mijinta ya rako ta har ƙofar gida ya tsaya a waje. Ba ta taɓa taka Sabon Gari ba sai ran nan. Ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta amsa, ta ce ta yi haƙuri, an daina aiki. Matar ta kamo hannun Mama ta ɗora a kumatunta. Yatsun suka bi fuskar a hankali, suka tsaya a kan hanci.

“Kuluwa ta gidan Goni,” in ji Mama.

“Ni ce, Inna. Tashi ki koma waccan kujerar. Yau ke ce mai zama.”

Mama ta ce wannan wane irin raini ne, a gidanta, da kayanta. Kuluwa ta ce ba ta zo da wasa ba, shekara biyar kullum safiya tana yin abin da aka koya mata a kan fuskar da ta fi kowace wuyar aiki a Kano, in akwai wanda ya fi ta sanin hannun Inna a fito da shi. Mama ta yi gunaguni, amma ta tashi ta koma.

Na tsaya daga gefe ina riƙe da ƙwaryar ruwa. Kuluwa ta wanke fuskar, ta jira ta bushe, ta riƙe haɓar tsohuwar ta juya dama, ta juya hagu. Mama ta rufe ido. Ina jin tun rasuwar mijinta ba wanda ya riƙe fuskar nan a hannunsa. Da yatsa ya sauka a kumatunta sai ta ce an ɗebo da yawa, tana jin nauyinsa, ƙwayar gero ta ce ba ta dawa ba. Kuluwa ta ce ta yi shiru, ai ita ce ta ce mai yawan magana kwalliyarta kan karkace. Matan gidanmu da suka taru a bakin rijiya suka kwashe da dariya, Mama ma ta murmusa, hasken safiya ya kama saman kumatunta daidai inda aka ɗiga.

Ta ɗaura zaninta na zuwa coci, muka riƙe ta har shagon Obinna. Ya zaunar da ita gaban labulen da ta zaunar da mata ba iyaka, ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallensa, ya leƙo ya ce yau kam ba zai karɓi yabon ba.

Da Augustine ya zo karɓar hoton, Kuluwa da ta dawo gidanmu ranar ta sa an kira shi, ta yi masa magana daga bayan mayafinta. Ta ce ya gaya wa Chioma inda uwarta take a safiyar da jirgi ya tashi, da abin da ya tsare ta, ya ce mata wadda aka tsaya dominta ce ta aiko, tana neman gafara. Da ya juya zai tafi Mama ta kira shi, ta ce tunda an fasa ƙwai, ya faɗa mata maganar idon ma.

Kafin a naɗe hoton ta karɓa ta kai shi dab da fuskarta, ta juya shi wajen haske, sannan ta miƙo min.

“Malama, yaya na fito?”

Na ce tsohuwa ce zaune, kanta a ɗage, duk layukan da shekaru suka zana suna nan, ga haske a kumatunta da karan hancinta kamar wadda ta hango baƙon da take jira.

“Ba a ga man ba?”

Na ce ba a gani ba.

“To, yarinyar ta iya.”

Augustine ya dawo makon jiya. Ya ce Chioma ta zauna a ƙasa da hoton a hannu ta yi kuka, ta ce za ta zo da yarinyar lokacin Kirsimeti. Da sauran watanni. Kafin nan, Mama na fitowa kowace safiya ta share wurinta, ta ajiye kujeru biyu, ta jira.

Mun gode, Mama Felicia. Mun gode da alkawarin da kika cika a ranar da cika shi ya fi komai tsada. Mun gode a madadin matan da suka shiga wurinki kai a sunkuye suka fito suna duban mutane. Allah ya saka miki, ya kawo miki baƙinki lafiya.

Masu sana'a, ku ɗauki wannan daga gare ta: ku duba mutum da kyau kafin ku taɓa shi, kada ku yi saurin rufe abin da Allah ya bari. Ku kuma matan Fagge da Sabon Gari da hotonku yake rataye a bango kuna alfahari da shi, ku sani akwai hannun da ba a rubuta sunansa a baya ba, mai shi kuma tana nan da ranta, kujerar gabanta ba kowa. Ku zo ku zauna. Ku zo da safe, ku juya fuskarku wajen gabas inda haske zai same ta, domin da shi kaɗai take ganin mutum yanzu.